Bindiga a ɗaka: wane harsashi, kuma wa ke kwance bayan bango?

Tun daga shekarar 2019, lokacin da ɓarayin shanu da masu sace mutane suka tsananta kai hari a ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji, zancen ajiye bindigar farauta a gida ya shiga hirar majalisa a jihar Maraɗi. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu leƙa ƙasar Amurka, inda aka daɗe ana gardama a kan irin harsashin da ya kamata maigida ya ɗura, domin gardamar tasu tana da abin da za ta nuna mana.

Bindigar da ake magana a kanta ita ce mai lamba 12, wadda mafarautanmu suka sani da kalibir 12. Faɗin bakinta wajen milimeta 18 da rabi ne, kuma ba ƙwaya guda take fitarwa ba, tarin ƙwayoyin dalma ne a cikin kwanso ɗaya. Akwai na tsuntsaye, masu ƙananan ƙwayoyi ɗaruruwa kamar gero. Akwai kuma masu manyan ƙwayoyi, waɗanda Faransawa ke kira shebrotin, da asali don harbin barewa aka yi su. A cikinsu wanda ya fi suna shi ne mai lamba 00: ƙwaya 9 a kwanso mai tsawon milimeta 70, kowace faɗinta ya ɗan haura milimeta 8, suna fita da gudun wajen mita 400 a daƙiƙa. Mai lamba 1 yana ɗauke da ƙwaya 16, mai lamba 4 kuwa 27, amma kowace ba ta wuce milimeta 6 da ɗan abu ba. Ke nan yawan ƙwaya yana tafiya ne da ƙanƙantarta.

Ma'aunin da Amurkawa ke kafa hujja da shi ya samo asali ne daga wata arangama da aka yi a Miyami ran 11 ga Afrilu 1986, inda ƴan fashi biyu suka kashe jami'an hukumar FBI biyu, suka raunata biyar, alhali an riga an harbi ɗaya daga cikin ƴan fashin tun farkon faɗan. Bayan haka hukumar ta tsayar da cewa harsashin da za a dogara da shi sai ya nutsa santimeta 30 zuwa 46 a cikin wani daskararren abu da ake kwatanta tsokar mutum da shi. Mai lamba 00 da mai lamba 1 suna cika wannan sharaɗi, mai lamba 4 yana bakin iyaka, na tsuntsaye kuwa ba ya ko kusa. Masu wannan ra'ayi kan tuna da abin da ya faru a 2006, ranar da mataimakin shugaban Amurka Dick Cheney ya harbi abokin farautarsa bisa kuskure da harsashin tsuntsaye a Teksas: dattijo ne mai shekara 78, an same shi a fuska da wuya da ƙirji, amma ya rayu.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Ƙwayar da ta iya ratsa ƙirjin ɗan fashi, ta iya ratsa bango. Yawancin gidajen Amurka katako ne da siraran alluna, kuma ƙwayar 00 da ta kuskure kan huda bango fiye da ɗaya ta faɗa ɗakin yara. Shi ya sa wasu ke komawa ga mai lamba 4, wasu ga kwanson da aka rage wa ƙarfi don kada bindiga ta tunkuɗe kafaɗa. Sai dai ko wannan ba ya tsayawa a allon farko.

Wani zai ce ai mu ginin ƙasa gare mu, ko na siminti. Gaskiya ne katanga mai kauri tana tare ƙwayar dalma. To ƙofar kwano fa? Taga fa, da dangar kara, da zanar da ta raba mu da maƙwabci? Kada kuma mu manta da cewa da bazara, cikin zafin Afrilu da Mayu, iyali duka a tsakar gida suke kwana, babu abin da ya tsare su sai gidan sauro. A ganinmu, a irin wannan dare gidanmu ya fi na Ba'amurke haɗari.

Akwai kuma wata tatsuniya da ake yawan ji, wai mai bindigar farauta ba ya buƙatar saiti, ya juya bakin kawai ya danna. A tazarar mita 5, wato faɗin ɗaki, ƙwayoyin ba su kan baje fiye da tafin hannu ba, saboda haka kuskure abu ne mai sauƙi. A mita 30 kuma sun watse, wasu su sami wanda aka nufa, sauran su tafi inda ba a aike su ba. Ko Joe Biden, yana mataimakin shugaban ƙasa a 2013, ya sha suka da ya ce ya shawarci matarsa ta fita baranda ta harba sau biyu idan ta ji motsin ɓarawo. Masana shari'a suka ce wannan kan iya kai mutum gaban alƙali.

A Nijar, kafin a kai ga zaɓen harsashi, akwai maganar takarda. Riƙe bindiga, ko ta farauta ce, sai da izinin hukuma, kuma tun 1994 ƙasar ke da hukumar CNCCAI mai aikin tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Wanda jandarmomi suka samu da bindiga babu takarda, hujjar tsaron gida ba za ta hana a tuhume shi ba. Bindigar ƙirar maƙera kuma, irin harba-ka-ruga, ba a gwada ƙarfin bututunta ba, kwanson manyan ƙwayoyi na iya tarwatsa ta a hannun mai ita. Sannan masu kai harin kan iyaka da Kalashnikov suke zuwa, mai cin harsashi 30, su da yawa a kan babura, alhali bindigar farautar da aka fi samu a ƙauyukanmu harbi ɗaya ko biyu take yi kafin a sake ɗuri.