Dokar Haya: Darasin Ɗaliban Lauya Da Ya Shafi Kowane Ɗan Kasuwa

MAIDUGURI — Cikin darussan da ɗaliban sashen shari'a na Jami'ar Maiduguri ke bita kafin jarrabawa akwai dokar mai gida da ɗan haya. Wannan darasi bai tsaya a aji ba, domin gobarar Kasuwar Monday ta watan Fabrairun 2023 da ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumban 2024 sun jefa masu shaguna da 'yan haya cikin irin tambayoyin da ake yi wa ɗalibai.

Tambaya ta farko ita ce ta notis. Bisa dokar karɓe gida daga hannun ɗan haya, wadda yawancin jihohin Arewa suka gada, tsawon notis ya danganta ne da irin hayar. Mai biya mako-mako ana ba shi mako ɗaya, mai biya wata-wata ana ba shi wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku wata uku, shi kuwa ɗan hayar shekara wata shida. Amma idan yarjejeniyar da aka rubuta ta ƙayyade wani wa'adi dabam, da shi za a yi aiki. Bayan wa'adin ya cika, sai a ƙara notis na kwana 7 da ke sanar da niyyar zuwa kotu.

Ta biyu, kotu kaɗai ke da ikon fitar da ɗan haya. Mai gidan da ya kwance rufin kwano, ko ya garƙame shago da kwaɗo, ko ya watsar da kaya waje, ya jawo wa kansa biyan diyya, ko da yana bin bashin haya. Kotun Ƙoli ta yi tir da ɗaukar doka a hannu a shari'ar Gwamnan Legas da Ojukwu a 1986.

Ta uku ita ce mafi nauyi ga Maiduguri: idan wuta ko ruwa suka rushe shago, wa zai ɗauki asarar kuɗin haya? A dokar da aka gada daga Ingila, galibi haya tana nan a wuyan ɗan haya, sai fa in yarjejeniya ta sauke masa. A fiƙihun Malikiyya kuwa, hayar takan warware idan abin da ake amfana da shi ya salwanta, tun da amfanin ne ake biya wa kuɗi.

Saboda haka, kafin ɗan kasuwa ya biya kuɗin shekara, ya kamata a rubuta ranar fara haya, da wa'adin notis, da wanda gyara ke kansa, da hukuncin gobara ko ambaliya, sa'an nan ya adana rasit. Ɗalibin da ya kuskure waɗannan maki zai rasa, ɗan kasuwa kuwa jarinsa ne.