Abin da Giyar Mota Ke Faɗa a Cikin Cunkoso Kafin Ta Kwanta

Yawancin masu mota sun ɗauka doguwar tafiya ce ke cinye ta. Idan mutum zai tashi daga Kano zuwa Abuja sai ka ga ya biya gareji, an duba baƙin mai, an duba taya da birki. Amma kai-komon kullum daga Kurna zuwa Sabon Gari, ko daga Hotoro zuwa Kantin Kwari, ba a ma sa shi a lissafin tafiya. Ga giya kuwa, wannan shi ne aikin wahala. A babbar hanya mota takan hau giyarta ta ƙarshe ta zauna a kai, iska na ratsa lagireto, komai na tafiya salin-alin. A cikin gari sai a taka totur, a taka birki, ɗan adaidaita sahu ya kutso, a sake tsayawa, giya na hawa da sauka tsakanin ta ɗaya da ta biyu ba hutu. Kamfanonin mota da kansu sun san haka. A littafin da ke zuwa da tsofaffin motocin Honda, tuƙin tsaya-tafi da hanya mai ƙura da zafin da ya haura digiri 32 duk suna cikin yanayin da aka ce sai an riƙa yi wa mota sabis da wuri. Wanda ya san Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san cewa motocinmu kusan a cikin wannan yanayin suke rayuwa.

Dalilin yana cikin yadda giyar otomatik ke aiki. Tsakanin inji da giya akwai wani ƙoƙon ƙarfe a rufe, cike da mai, wanda makanikai ke kira kwambata. A cikinsa akwai farfela biyu suna fuskantar juna, kamar fanka biyu da aka kunna ɗaya iskarta ta riƙa juya ɗayar, sai dai a nan mai ne ke yin aikin iskar. Inji na juya ta farko, ita kuma tana watsa mai a kan ta biyu, ta biyun ce ke tura ƙarfi zuwa tayoyi. Shi ya sa za ka iya tsayawa a danja giya na kan D ba tare da inji ya mutu ba. To amma a wannan tsayuwar farfela ɗaya na juyawa, birki ya riƙe ɗayar, duk ƙarfin da ke tsakaninsu kuma zafi yake komawa a cikin mai. Sai mota ta miƙa hanya ne wani kuloci na ciki yake haɗe su biyun su zama abu guda, zafin ya ragu. A gosulo wannan haɗewar ba ta cika samuwa ba.

Man giya kuma ba santsi kaɗai yake bayarwa ba. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji, shi ke matse faya-fayan kuloci na ciki da ake kira faiba duk lokacin da za a sauya giya, shi ne kuma ke kwashe zafi. Ya fi son aiki tsakanin digiri 80 da 95. Tsohon lissafin masu sana'ar shi ne, duk ƙarin kusan digiri 10 a kan haka yana rage rabin tsawon rayuwar man. A yawancin motoci kuwa man giya ta cikin lagireto yake bi ya huce. Don haka mai motar da ke ɗura wa lagireto ruwan rijiya har ya yi tsatsa, ko yake yawo da fankar da ba ta tashi a kan lokaci, giyarsa yake dafawa bai sani ba.

Alamar farko da ake yawan rainawa ita ce jinkiri. Da safe ka ta da mota, ka sa R ko D, lafiyayyar giya takan kama cikin kusan daƙiƙa ɗaya, ka ji motar ta ɗan motsa tana neman tafiya. Idan sai ka ƙirga biyu, uku, ko fiye, sannan ta kama da ɗan bugu, matsin mai ne bai kai ba. Ko man ya yi ƙasa, ko matatar ta toshe, ko robobin ciki sun bushe suna sakin matsin. Mutane kan ce ai sanyin safiya ne, bari ta ɗau zafi. A lura da lokacin da abin ke faruwa, domin yana da muhimmanci ga mai gyara: jinkirin da ke zuwa da safe ya tafi idan mota ta ɗumama ya sha bamban da wanda ke bayyana bayan an yi awa guda a cunkoso. Na biyun ya fi ban tsoro, don yana nuna cewa da mai ya yi zafi ya tsinke, giyar ba ta iya riƙe matsinta.

Sai zamewa, wadda ita ce babbar alama. Danja ta ba da hannu, ka taka totur, inji ya yi ƙara, allurar da ke nuna juyin inji ta yi sama, amma saurin motar bai bi ƙarar ba. Wani lokaci a tsakanin giya biyu abin ke faruwa: mota za ta bar ta biyu ta shiga ta uku, sai allurar ta yi tsalle na ɗan lokaci kamar an sa ta a firi, sannan ta kama. An fi jin wannan wajen hawa gadar sama, ko idan mota ta cika da mutane kuma esi na aiki. Faiba ce ke gogar juna maimakon ta kama. Duk zamewa ɗaya tana kankare fatar faibar, garin da ya kankaru ya shiga cikin mai, man ya kai shi ƙananan hanyoyin da ke rarraba matsi, su toshe, matsi ya ƙara raguwa, zamewa ta ƙaru. Shi ya sa giyar da ta fara zamewa ba ta daɗewa. Wanda ya kai ta gareji a makon farko yana iya tsira da canjin mai da matata ko wani ɗan ƙaramin bawul na lantarki. Wanda ya ce bari a ga ƙarshen wata, sau da yawa giya sukutum zai saya.

Akwai kuma karkarwa. Kana tafiya a hankali, saurin kilomita 40 zuwa 70, ƙafarka a kan totur kaɗan-kaɗan, sai ka ji jikin motar ya girgiza na 'yan daƙiƙu alhali kwaltar sumul take. Sau da yawa kulocin nan ne na cikin kwambata yake kamawa yana saki, kuma tsufan mai na cikin manyan dalilan. Amma a nan ake yawan zaluntar giya. Fulogi ko kwayil da ya fara mutuwa yana kawo girgiza mai kama da wannan. Haka bugun da ake ji idan an sa D ko R, wani lokacin robar da inji ke zaune a kai ce ta tsage. Ƙas-ƙas ɗin da ke fitowa wajen shan kwana kuwa na shaf ne. Ko batir mai rauni yana iya rikita kwamfutar mota ta riƙa sauya giya da fizga. Gogaggen makanike yakan fita da motar hanyar da ba kowa, idan karkarwar ta fara sai ya ɗan taɓa birki da ƙafar hagu ba tare da ya saki totur ba. Taɓa birkin kan sa kulocin ya saki. Idan karkarwar ta ɗauke nan take, to a kwambata take.

Wata rana kuma motar da kanta ke ɗaukar mataki. Sai ta maƙale a giya ɗaya, galibi ta uku, ta yi nauyi wajen tashi, ta ƙi gudu. Kwamfutar ce ta ga abin da bai yi mata ba, ta kulle giyar don ka samu ka lallaɓa zuwa gareji. A Honda fitilar D kan riƙa ƙyaftawa, a tsofaffin Toyota kuma fitilar O/D OFF. Idan an kashe mota aka sake tayarwa abin kan wuce, mai mota ya ce alhamdu lillahi ta warware. Ba ta warware ba, ta dai ajiye bayanin. Tun daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da soket ɗin da ake jona na'urar bincike, kuma motocinmu na tokumbo da dama daga can suka fito. Lambobin da suka fara da P07 na giya ne. Kuɗin sa wa mota kwamfuta bai kai na cika tanki ba, amma har yanzu za ka ga an cire kan batir don fitilar ta mutu, wanda a wasu motocin yake goge shaidar da mai gyara zai yi aiki da ita.

Shaidar da ba ta buƙatar na'ura tana jikin gejin man giya. A yawancin Toyota ana dubawa mota na wuri mai daidai, ta ɗumama, inji na aiki, giya a kan P. Honda ta bambanta: ana kashe inji ne a duba cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A goga man a farar takarda. Mai lafiya ja ne garau. Idan ya koma ruwan ƙasa ya tsufa. Idan ya yi baƙi yana ƙauri, faiba ta riga ta fara ƙonewa. Idan ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, wani abu na cin wani. Mafi muni shi ne ya yi fari-fari ya yi kauri, alamar ruwa ya shiga, ko dai bututun cikin lagireto ya fashe, ko an kutsa da motar cikin ambaliyar watan Agusta. Ruwa yana saɓule fatar faiba daga jikin ƙarfenta, don haka irin wannan motar ba a ƙara tuƙa ta ko zuwa bakin layi. Ɗigon jan mai a inda mota ta kwana shi ma magana ce, domin giya ba ta ƙona mai kamar inji. Idan ya ragu, zuba yake yi. Sababbin motoci da yawa ba su da gejin ma, sai an ɗaga su a gareji.

A nan ne wata magana da ta yaɗu take shigowa, wai ba a canja man giya, da ka canja mota za ta tsaya. Akwai inda maganar ta samo asali. Giyar da aka bari har faibarta ta cinye, garin da ke yawo a tsohon man ne ke ɗan taimaka mata ta kama, sabon mai na shiga sai asirinta ya tonu. Amma ba sabon man ne ya kashe ta ba, shekarun da aka yi ba a canja ba ne. Makanikai da dama kan ba da shawarar canji tsakanin kilomita 40,000 da 60,000 ga motar cikin gari. A tuna cewa motar Amurka da mil take ƙirga tafiya, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne. Irin man ma ba abin wasa ba ne. Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1, kuma ba a musanya su da duk jan man da aka samu a galan a bakin titi.

Wannan ya fi tsanani ga giyar CVT, wadda ke cikin Nissan da yawa, da yawancin Accord masu silinda huɗu na Amurka daga 2013, da yawancin Corolla na Amurka daga 2014. Ita ba ta da hawa-hawa, bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin fulai biyu masu buɗewa da tsukewa. Saboda haka allurar inji ta tsaya wuri ɗaya mota na ƙara sauri ba laifi ba ne a wurinta, kuma an sha kai lafiyayyar mota gareji a kan haka. Alamominta su ne fizge-fizge wajen tashi daga tsaye, da wani siririn kuka da ke ƙaruwa da sauri, da mutuwar jiki bayan ta ɗau zafi. Manta daban ne, na Nissan NS-2 ko NS-3. Zuba mata man otomatik na gama-gari yana sa bel ɗin ya zame ya kankare fulan.

Masu giyar hannu, irin su Golf da Peugeot da motocin haya, nasu ya fi sauƙin ganewa. Kuloci ya koma kamawa can sama, ko a giya ta huɗu ka taka totur inji ya yi ƙara mota ba ta ƙara gudu ba, ko ƙauri ya tashi a gosulo: faifan kuloci ya cinye, kuma ɗora ƙafa a kansa a cunkoso ne ke gaggauta hakan. Ƙarar haƙora wajen shiga giya, ko giya ta riƙa fita da kanta, wannan kuma a cikin giyabos yake.

Idan abin ya kai ga mota ta tsaya, kada a ɗaura wa otomatik igiya a ja ta tayoyin da ke tuƙi suna ƙasa. Famfon man giya da inji yake aiki, idan inji a kashe yake kayan ciki za su yi ta juyawa babu mai. A nemo janwe. A gareji kuma, idan aka tarbe ka da "Alhaji, giyar nan ta tafi, sai dai a sa wata" kafin a zaro geji ko a jona kwamfuta, ka nemi a buɗe kaskon ƙasa a gabanka. Akwai maganaɗisu a cikinsa. Laushin baƙin gari kaɗan a jikinsa ba komai ba ne, ɓarɓashin ƙarfe da guntayen faiba su ne ke tabbatar da maganar. Idan har sai an sayo wata a Ƙofar Ruwa ko Panteka, a tabbata lambarta ta dace da injin da shekarar motar, a yi yarjejeniyar kwanakin gwaji da mai kaya, sannan a wanke bututun da ke kai mai lagireto kafin a ɗaura. Dattin tsohuwar giyar yana nan kwance a ciki, kuma da an ta da inji cikin sabuwar zai wuce.