Yadda za a kai matasa yawon yini guda a Yamai da kuɗi kaɗan

A lokacin hutun lakwal, matasa daga Benin, Burkina da Gana kan zo Yamai ziyarar dangi. Fita da su rukuni guda tana cin kuɗi, kuma mota da abinci ne suka fi ci.

Dabarar ita ce a zaɓi wuri ɗaya da zai ɗauke su yini. Gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, ya wadatar: akwai zakuna da dorina, ƙasusuwan dinoso, masu sana'ar fata da azurfa, har da ragowar bishiyar Tenere da mota ta kayar a 1973.

Kuɗin a tara su tun da daddare a hannun babba ɗaya. In kowa ya kawo jika biyu, a fara ware na komawa gida, a ɓoye. A yi cinikin mota ɗaya zuwa da dawowa, ya fi taksi-taksi sauƙi. Dambu da ruwa a taho da su daga gida.

Yaron da ya ƙetaro iyaka ya riƙe takardar shaida da izinin iyayensa. A kuma rubuta wa kowa lambar jagora a takarda, don caji kan ƙare.