Wanda Ya Koyi Karatu Da Girma, Wane Littafi Za A Miƙa Masa?

Daga Wakilinmu

Kowace shekara akan yaye ɗaruruwan magidanta da matan aure daga azuzuwan yaƙi da jahilci, a ba su takardar shaida, a yi tafi, kowa ya kama gabansa. Amma abin da ba a cika tambaya ba shi ne, bayan an gama haɗa baƙi da wasali, me mutum zai karanta idan ya koma gida? Malaman manya sun daɗe da sanin cewa karatun da ba a jiƙa shi da littafi yakan bushe, har ya zama mai shi ya koma kamar bai taɓa shiga aji ba.

Matsalar kuwa a fili take. Idan aka miƙa wa dattijo mai 'ya'ya da jikoki littafin 'yan aji ɗaya, mai hoton kyanwa da ƙwallo, sai ya ga an raina shi. Idan kuma aka ba shi babban littafi mai ƙananan haruffa da dogayen jimloli, sai ya gaji tun a shafin farko, ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza. Haka abin yake ga saurayin da ya kai sakandare amma har yanzu yana in'ina a kan takarda. Abin da suke bukata shi ne littafi mai sauƙin harshe amma mai zancen manya.

Wannan ba sabon al'amari ba ne a ƙasar Hausa. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai, dalili kuwa an sami masu iya karatun boko amma babu abin da za su karanta don nishaɗi. Daga gasar nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Dukansu gajeru ne, kuma ba na yara ba ne, gama suna zancen yaƙi, da bauta, da yawon duniya, da wayon zama da mutane.

Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta cikin littattafai uku, ya nuna wata hikima da ya kamata marubutan yau su lura da ita. Aku yana ba da labari bayan labari, kowane da farkonsa da ƙarshensa, watau mai raunin karatu yana iya kammala guda a zama ɗaya, ya tashi yana jin ya ci nasara. Wannan jin daɗin kammalawa shi ke mayar da mutum ga littafi washegari.

Da aka ƙaddamar da Yaƙi Da Jahilci a Jihar Arewa cikin shekarun 1950, Hukumar NORLA ta ɗauki nauyin buga ƙananan littattafai masu araha, da jaridun larduna irin su Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano. Mutum ya ga labarin garinsu da kasuwarsu a rubuce, ai ba sai an roƙe shi ya karanta ba. A Kano kuma, gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya a 1980, wadda ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983.

Sa'an nan sai ga littattafan da ake kira Adabin Kasuwar Kano. An yi ta sukar su a kan zancen soyayya da kurakuran rubutu, amma gaskiya ɗaya ce, sun sa dubban mata da matasa karatu ba tare da bulala ba, har aka riƙa ba da hayarsu a unguwanni. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, ta koma karatun manya, daga baya ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Ga shaida cewa ɗalibar ajin manya tana iya zama marubuciya.

To, mai neman littafi domin irin waɗannan bayin Allah, ko malami ne ko ɗan'uwa, sai ya duba abubuwa huɗu. Na ɗaya, haruffa su zama manya, da sarari tsakanin layuka, domin ido ya fara rauni. Na biyu, babi ya zama gajere. Na uku, Hausar ta zama irin wadda ake ji a zaure da kasuwa. Na huɗu, wanda ya fi duka, a tambayi mutum abin da ya dame shi: manomi zai so zancen taki da iri, mai jego zancen lafiyar jariri, wani kuwa tarihin Annabawa ko wasan ƙwallo. Wanda ya riga ya iya ajami kuma, kada a ɗauke shi jahili, a gina a kan abin da ya sani.

Saura aiki ga hukumomin ilmin manya na jihohi da kamfanonin ɗab'i. Kuɗin da ake kashewa wajen bikin yaye ɗalibai, in da za a ware wani abu daga ciki a sayi akwatin littattafai ga kowane aji, ana karɓa ana mayarwa, da wahalar malamai ba ta tafi a banza ba. Wanda ya haƙa rijiya bai kamata ya bar ta ba guga ba.