Fiɗar Rage Ƙiba: Labarin Sukari Da Maƙoƙo

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'a, yanzu ba baƙon abu ba ne a ji wani alhaji ko hajiya sun tafi Indiya ko Masar an yi musu fiɗa don rage ƙiba. To, wannan aiki ba tumbi kaɗai yake taɓawa ba, har da sinadaran da ke tafiyar da jiki.

Fiɗar da aka fi yi iri biyu ce. Ko dai a yanke wajen kashi 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, ko kuwa a bar ɗan ƙaramin aljihu a haɗa shi da hanji kai tsaye. A shekarar 1995 wani likitan Amurka, Walter Pories, ya buga rahoto cewa masu ciwon sukari irin na manya, sukarinsu kan sauka cikin 'yan kwanaki bayan fiɗa, tun teɓa ba ta fara zubewa ba. Dalili kuwa, abinci yana isa ƙarshen hanji da wuri, sai hanjin ya saki wani sinadari da likitoci ke kira GLP-1, shi kuma ya zaburar da jiki ya fitar da insulin. Amma fa a yi hattara. Wanda ya dawo gida ya ci gaba da allurarsa kamar da, sukari na iya faɗuwa har ya suma. Kuma wasu, ciwon kan dawo musu bayan shekaru.

Maganar da ba a cika yi ba ita ce ta halittar nan ta gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Idan ta yi rauni, ana ba mutum ƙwayar levothyroxine, ana auna ta gwargwadon nauyinsa. Watau in ya rame, sau da yawa sai an rage masa. Wani kuwa ƙari zai bukata, domin tsamin cikinsa ya ragu, maganin ba ya narkewa sosai. Har ila yau, ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi da ake ba kowa bayan fiɗa suna tare maganin, sai a raba su da awa 4.

Ni dai a ganina, kafin a sayi tikitin jirgi, a fara samun likita a Ikko ko Badun wanda zai riƙa auna jini bayan an dawo. Duk lokacin da aka sauya yawan ƙwayar, akan sake awon bayan mako 6 zuwa 8.