Kafin Kwamfutoci Su Iso, A Gina Musu Rumbu

Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. Duk makarantar da ke fatan samun kwamfutocin tafi-da-gidanka, a Tambuwal take ko Dogon Daji ko Kebbe ko Kuchi, to akwai shirin da ya kamata ta fara yi.

A shekarar 2007 an raba wa ɗaliban firamaren Galadima da ke Abuja 'yan kwamfutoci masu launin kore da fari, ana ce musu XO, a ƙarƙashin wani shiri daga Amurka na bai wa kowane yaro tasa. Ba a jima ba labari ya fito cewa wasu yara na leƙa hotunan batsa a intanet. Sai a lokacin aka yi maganar sa matacin da zai tare su.

To, maganin wannan shi ne uwar kwamfutoci, wadda masana ke kira saba. Ita kamar rumbu ce a tsakar gida. A cikinta ake zuba littattafai da darussa da karatun alarammomi, kwamfutocin yara su riƙa ɗiba ba tare da an shiga intanet ba. Akwai ma manhajar Kiwix mai ajiye Wikipedia, har da ta Hausa. In kuwa an jona intanet, sai ya bi ta cikinta, malam ya tace abin da zai wuce. Kun ga an huta da sayen data kullum, tarbiyya kuma ta tsira.

Abu uku za a lura da su. Na farko wuta. Ƙaramar saba irin Raspberry Pi ba ta cin wuta sosai, faifan sola da batir sun ishe ta, amma a lissafa da cajin kwamfutocin yara, don su ne masu ci. Na biyu wuri. Zafin bazara da ƙurar hunturu na kashe na'ura, saboda haka a sama mata ɗaki mai iska da makulli. Na uku sadarwa. Katangar ƙasa mai kauri na raunana siginar Wi-Fi, gara a ja waya zuwa kowane aji, a kafa masa na'urar watsawa tasa.

Sannan a koya wa malamai biyu kula da ita, kada tafiyar ɗaya ta tsayar da karatu.

Allah Ya sa mu dace, amin.