Kuɗin Firamare Ba a Abuja Kaɗai Yake Ba

Na gaji da wata magana da ke yawo a majalisun garin Sara, musamman ranar kasuwa idan an tashi an zauna shan shayi. Da an ambaci ajin da iska ta yaye wa kwano, sai wani ya yi wuf ya ce ai Abuja ta daina turo kuɗin ilimi, boko ya mutu, gara yaro ya kama kiwo, yarinya ta ɗauki faranti. Kowa ya gyaɗa kai. Da wannan gyaɗa kan ake cire yara daga makaranta, alhali a cikin masu gyaɗawar da wuya ka sami wanda ya san ta inda kuɗin ke biyowa.

Maganar tana da tushe, amma tsohon tushe. A 1976, lokacin da kuɗin man fetur ke ambaliya, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE, tarayya ta ɗauki nauyin firamare, yara suka yi cincirindo fiye da yadda aka yi hasashe. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 sai ta zame kafaɗa, kaya ya faɗo kan jihohi da ƙananan hukumomi, malamai suka riƙa yin watanni babu albashi. Babangida ya kafa hukumar firamare ta ƙasa a 1988, aka rusa ta a 1991, aka maido ta a 1993. Sai a 1999 aka ƙaddamar da UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, kuma a kanta ake tafiya har yau.

Dokar ta ce tarayya ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarta ta damƙa wa hukumar UBEC. Sai dai kaso mai tsoka na kuɗin, na gini da kujeru, jiha ba ta taɓa shi sai ta fara ajiye nata daidai da na tarayya. Shi ya sa biliyoyin naira kan yi shekaru kwance a Abuja suna jiran jihohin da suka ƙi kawo nasu. Albashin malami kuwa, wanda shi ne ke lamushe mafi yawan kuɗin firamare, ba ya cikin wannan tallafi. An daɗe ana zaftare shi daga kason ƙananan hukumomi, hukumar SUBEB ta jiha ta biya. Wato malamin da ke tsaye gaban allo a Sara, hanyar albashinsa ta ƙaramar hukumar Gwaram da gwamnatin jiha a Dutse ta biyo.

Gaskiya ne kason ilimi a kasafin tarayya ya yi ƙasa. Tun daga 2016 yake lilo tsakanin kashi 5 da kashi 8 cikin ɗari, alhali abin da ƙasashe suka amince da shi a taron Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20. Abin kunya ne, ba na kare kowa. Amma kaso mai yawa na wannan kuɗi jami'o'in tarayya da kwalejojinta ke cinye shi, ko an ninka shi gobe ba lallai ɗan aji uku a ƙauye ya gani ba. Haka ma a gida: Jigawa na cikin jihohin da ke ba ilimi babban kaso, sai dai a cikinsa akwai jami'ar Kafin Hausa da kwalejin Gumel da makarantun kwana. Idan an karanto jimilla a rediyo, tambayar ita ce nawa ne na firamare, kuma nawa aka saki.

Kada kuma yawan sifili ya ruɗe ka. A 2015 dala ɗaya ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, a 2024 ta haura 1,500. Ga yara kullum ƙaruwa suke. Ka tambayi mai sayar da siminti da kafinta, za su gaya maka benci nawa miliyan ɗaya ke yi yanzu.

To me za mu yi? Kowace makarantar gwamnati ana so ta kasance da kwamitin SBMC, mai ɗauke da iyaye maza da mata da mai unguwa da malaman addini. A wurare da yawa sunansa kawai ke cikin fayil ɗin hedimasta. A tashe shi, a sa masa ranar zama. Idan ɗan kwangila ya zo gyaran aji, a karanta allon da ya kafa, a rubuta sunan kamfani da hukumar da ta ba shi aikin, a tsaya a ga buhu nawa ya juye. Na ga daɓen da bai yi damina biyu ba ya koma rairayi, yara na zaune a kai suna rubutu a gwiwa. A rubuta koke a kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a riƙe kwafe, a kai wa kansila da ɗan majalisar jiha nasu. Kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu ana buga shi duk wata, a sa yaro mai waya ya nemo. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ciyaman yana da amsar da zai bayar.

Sannan mu ji tsoron Allah. Ba Abuja ce ke ciro ƙofar aji ta kai gida ba, ba ita ke ɗaure awaki a baranda ko ta shanya masara a cikin aji ba. Kuma idan jami'ai suka zo ƙidayar ɗalibai suka tarar rabin aji na bakin kasuwa, da wannan ƙidayar ake tsara rabon malamai da littattafai. Iyayenmu da yayyenmu na Sara, don Allah ku bar yaranku a aji, kuma ranar taron kwamiti ku zo da kanku.